Yadda ake duba tsohuwar motar alfarma mai shan gas kafin a biya kuɗi

A wuraren sayar da motoci na Kano da Kaduna da Abuja, haka ma Maraɗi da Yamai, ba a rasa wata Marsandi ko BMW ko Range Rover ajiye a gefe, jiki sumul, kujerun fata, komai na ciki da maɓalli, amma kuɗin da aka sa mata ya faɗi ƙasa da na 'yan uwanta masu shan fetur. Kana tambaya dillali zai ce maka ai gas take sha, kuma injin dizal ba ya mutuwa. Rabin maganarsa gaskiya ce. Gundarin injin, wato bulo da fistin da karanshaf, yana iya wuce kilomita 400,000 idan ya samu kulawa. Abin da ke kwantar da waɗannan motoci shi ne kayan da aka kewaye injin da su: nozul masu fesa mai a silinda, famfon mai, tabo (turbo) mai tura wa inji iska, matatar hayaƙi, giya, balan-balan na ƙafa, wato jakunkunan iskar da ke ɗauke da jikin motar, da tarin kwamfutocin da ke ba su umarni. Mutumin Turai da ya rabu da motar ya yi lissafi ne, ya ga gyaran da ke tafe ya kusa kai darajar motar. Aikinka kafin ka saya shi ne ka gano wane gyara ne aka riga aka yi, wanne kuma aka bar maka gado.

Mataki na farko: tun kana gida

Kafin ka taka zuwa wurin mota, ka tambayi kanka irin tafiyar da kake yi. Idan daga gida zuwa ofis ne, zuwa makarantar yara, a cikin cunkoson gari, to wannan mota ba taka ba ce, kuma ina faɗin haka ne da zuciya ɗaya. Motocin dizal da aka ƙera wa Turai bisa dokar rage hayaƙi ta Euro 5, wadda ta fara aiki a 2009, kusan duk suna da matatar toka a salansa, wadda ake kira DPF, kuma da yawa daga cikin manyan motocin sun zo da ita tun kafin nan. Matatar tana tara baƙin hayaƙi, sannan ta ƙone shi da kanta idan injin ya yi zafi sosai a doguwar tafiya. In ba ta samu wannan tafiyar ba sai ta toshe. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja, ko Yamai da Damagaram, shi ne motar za ta yi wa daɗi.

Tambaya ta biyu: waye zai riƙa gyara maka ita? Ba kowane bakaniken dizal ba ne. Mai gyaran tirela da tsohuwar tifa gwani ne a fagensa, amma injin da ke tura mai da matsin da ya kai 1,600 a ma'aunin bar wani abu ne daban. Ka nemo bakaniken da ke da kwamfutar bincike da ta dace da kamfanin motar, Xentry ga Marsandi, ISTA ga BMW, VCDS ga Audi da Volkswagen. Ka same shi kafin ka samu motar, domin da shi za ka je dubawa, kuma kai za ka biya shi kuɗin wuninsa. Kada ka yarda da bakaniken da dillali ya kawo.

Sai kuma ka leƙa Ƙofar Ruwa ko Fanteka, ko ka buga waya kasuwar Ladipo ta Legas, ka ji farashin nozul guda, tabo, famfon iskar ƙafa da kan giya na ainihin samfurin da kake so. Idan an ce maka sai an yi oda daga waje, ka sa wannan a lissafi.

Mataki na biyu: san ciwon gidan su

Kowane inji yana da inda ya saba ciwo, kuma wanda ya san wurin shi ne ba a rufe masa ido da wanki.

Injin OM642 na Marsandi, mai silinda shida da lita 3.0, ya fito a 2005, kuma shi ne a cikin E320 CDI na baya-baya, da ML320 CDI, da S320 CDI, da GL. Sanannen ciwonsa robobin na'urar sanyaya baƙin mai ne, wadda ke can ƙasan kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu. Robar ba ta da tsada, amma kafin a kai gare ta sai an sauke tabo da duk abin da ke saman injin. Alamarta baƙin mai yana gangarowa ta bayan inji, inda ya haɗu da giya. Akwai kuma robar bakin tabo da ke ɗigar da mai a kan wata 'yar na'urar lantarki mai buɗe ƙofofin iska, har ta ƙone ta. E-Class ɗin da aka yi tsakanin 2002 da 2006 tana da birkin lantarki mai suna SBC, wanda famfonsa ke ƙirga yawan takun birki, idan ya cika adadi ya nemi canji. Ka sa a karanta maka wannan a kwamfuta.

A BMW 530d da X5 masu injin M57, inji ne mai ƙwari ƙwarai, amma ƙananan faifan da ke cikin bututun shigar iska suna iya karyewa injin ya haɗiye su. Ka tambaya ko an cire su ko an canza. Injin N47 mai lita 2.0 na 520d, da ƙanensa N57, sarƙar tayimin ɗinsu tana bayan inji, saboda haka canza ta aikin sauke inji ko giya ne. Haka sarƙar Audi A6 da Q7 da Touareg masu 3.0 TDI take a baya.

Range Rover Sport da Discovery 3 masu 2.7 TDV6 bel suke amfani da shi, ba sarƙa ba, kuma guda biyu ne: na tayimin a gaba, na famfon mai a baya. An san injin da karyewar karanshaf, wanda ba ya yin sallama kafin ya zo. A ganina wanda wannan ce motarsa ta farko mai dizal, gara ya kauce mata.

Mataki na uku: lamba da takardu, kafin a buɗe bonet

Ka nemi lambar shasi mai harufa da lambobi 17. Ka gwada wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofa da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar da ta takardu. Harafi ɗaya ya saɓa, magana ta ƙare. A Najeriya ka ɗauki takardun kwastan ka kai ofishinsu a tabbatar an biya haraji na gaskiya, domin a ranar 1 ga Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma motar da ta biyo ta daji za a iya ƙwace ta a hannunka a kan hanya ko da ka shekara da ita. A Nijar ma ka tabbatar da takardun duwan da na mallaka.

Ka kula da motar da aka juya wa sitiyari. Manyan motocin dizal sun yi yawa a Ingila, inda sitiyari ke dama, kuma akan mayar da shi hagu a gareji. Ka duba yadda waifa ke kwanciya, da inda mabuɗin bonet yake, da alamar walda ko yanka a bangon da ke tsakanin inji da ɗaki. Motar da aka taɓa wa sitiyari da birki da wayoyi ta wannan hanya, ka bar ta komai kyanta.

Game da kilomita, kada ka ɗauki abin da ke kan dashbod a matsayin shaida, don mayar da shi baya aikin 'yan mintoci ne. Shaida tana cikin littafin sabis, da rasitan gareji, da takardar gwajin TÜV idan daga Jamus take, ko Car-Pass idan daga Beljiyam, ko 'yar takardar canjin mai da ke manne a jikin ƙofa. Sauran kwamfutocin motar, irin na giya da na makulli da na matatar toka, sukan ajiye nasu lissafin, kuma masu juya lamba sukan manta da su. Sannan ka dubi fatar sitiyari, robar birki, da gefen kujerar direba. Mota mai kilomita 300,000 da cikakken tarihi ta fi mini mai 140,000 da ba wanda ya san inda ta kwana.

Mataki na huɗu: tashin sanyi

Wannan shi ne zuciyar duban gaba ɗaya, kuma nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Ka ce wa mai motar za ka zo da sassafe, kada a tayar da ita. Da ka iso ka buɗe bonet ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, ka ce za ka dawo gobe. Injin dizal mai ɗumi yana ɓoye raunin nozul da na hita, wato filogin da ke ɗumama silinda kafin tashi, da ƙarar sarƙa.

Tun injin na kashe, ka zaro ma'aunin baƙin mai, ko ka karanta a dashbod idan motar ba ta da shi. Baƙin launi ba laifi ba ne, man injin dizal yana baƙi da wuri. Abin tsoro shi ne man ya haura alamar cika, ya tsinke, yana warin gas. Wannan yana nufin gas na zuba cikin baƙin mai, ko daga nozul ko daga matatar da ke ta ƙoƙarin ƙona toka tana kasawa. Ka buɗe murfin mai ka duba ƙarƙashinsa, kada ka ga wani farin kitse. Ka buɗe tankin ruwan lagireto: ruwan sanyaya mai launi ya kamata ka gani, ba ruwan famfo mai tsatsa ba, ba kuma mai yana yawo a sama ba. Ka matsa babban tiyon lagireto. Motar da ta kwana ya kamata tiyonta ya yi laushi. In ya yi tauri, akwai iskar da ke shiga daga silinda, wato gasket na sama ya fara tafiya.

Ka sa a ɗage murfin robar da ke saman inji. Ka haska tocila a gindin kowace nozul. Idan ka ga wani baƙin abu mai kama da kwalta ya taru ya daskare, washar jan ƙarfen da ke ƙarƙashin nozul ce ta ƙone, hayaƙi na fita ta nan. Marsandi ta yi suna da wannan. In an kama shi da wuri gyaran ba shi da yawa, in ya daɗe kuwa nozul ɗin takan manne har a lalata kan inji wajen ciro ta. Injin da aka wanke fes aka shafa masa mai yana ƙyalli, shi ma ka yi masa kallon tuhuma.

Yanzu ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Duk fitilun gargaɗi su kama: ta inji, ta birki, ta jakar iska, ta hita. Wadda ba ta kama ba, wataƙila an kashe ta ne ko an rufe ta daga ciki. Sai ka tsaya a bayan motar, bakanike a gaba, wani ya tayar. Ya kamata ta tashi nan take. Doguwar murɗawa na nuna mai yana zubewa baya ta nozul ko famfo ya yi rauni. Bakanike ya saurari daƙiƙun farko: ƙarar ƙarfe kar-kar-kar daga bayan inji sarƙa ce. Kai kuma ka kalli hayaƙi. Ɗan farin tururi da ke ɓacewa a lokacin hunturu ba komai. Farin hayaƙi mai ɗorewa da yaji a ido gas ne da bai ƙone ba. Shuɗi baƙin mai ne, galibi daga tabo. Baƙi kuwa, a motar da aka ce tana da matata, yana nufin an fasa matatar an kwashe cikinta. Kafin a tayar ma ka zura yatsa a bakin salansa. Motar da matatarta ke aiki bakin salansarta kusan a tsaftace yake.

Injin na aiki, ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, lafiya. In iska na cilla shi, hayaƙi na bulbulowa, to zobban fistin sun gaji, kuma wannan ba gyaran da za ka so ka gada ba ne.

Mataki na biyar: kwamfuta

'Yar na'urar da ake haɗawa da waya ba ta isa ba, inji kawai take leƙawa. A sa ta kamfani, a karanta kowane sashe. Idan ba a ga laifi ko ɗaya ba a mota mai shekara goma sha biyar, bakanike ya duba ko yanzu aka goge, domin kwamfutar tana nuna ko gwaje-gwajenta na ciki sun kammala tun bayan gogewa. Ka sa ya nuna maka lambobin gyaran kowace nozul, wato yawan man da kwamfuta ke ƙara wa ko rage wa kowace silinda don injin ya daidaita. Wadda ta yi nisa da 'yan uwanta ita ce mai matsala. In mai motar ya yarda, a yi gwajin kwalabe, inda ake auna man da kowace nozul ke mayarwa baya. A duba ƙarfin mai da na tabo, abin da kwamfuta ta nema da abin da ta samu. A duba cikar matatar toka da kilomita nawa tun da ta ƙona na ƙarshe.

Da yawa daga cikin motocin da suka daɗe a nan an cire musu matata da bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji. Abin da ya kamata ka sani shi ne ko an gyara kwamfutar ta san da haka, ko kuwa an fasa ne kawai aka bar ta tana neman abin da babu. Ta biyun ita ce ke shiga halin da mota ke ƙin wuce wani gudu komai takun da ka yi. Motocin Euro 6, daga wajen 2015, da yawansu suna da ƙarin tankin AdBlue, ruwan da ake fesawa a salansa don tsabtace hayaƙi, kuma idan tsarin ya lalace motar takan fara ƙirga maka saura tashi nawa ko kilomita nawa kafin ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Akwai abu guda da nake roƙon kowa ya yi: a kwance filtar gas a juye abin da ke ciki a farin kwano. Ruwa zai kwanta a ƙasa. Idan kuwa ka ga ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna walƙiya a rana, famfon mai ya fara cin kansa, kuma ɓurɓushin ya riga ya bi nozul da bututu da tanki. Famfon Bosch CP4 da ke cikin motocin baya-baya ba ya jure gas mai ruwa ko wanda aka gauraya da kananzir, domin gas ɗin ne da kansa ke shafa masa mai. Motar da ta sha man jarka a bakin hanya, a nan asirinta ke tonuwa.

Mataki na shida: a kan hanya

Zagayen layi ba gwaji ba ne. Ka ɗauki aƙalla rabin sa'a, ka sa man da kuɗinka in ta kama, ka fita babbar hanya. Allurar zafi ta hau zuwa wajen digiri 90 ta zauna. In ta ƙi hawa, ko tamostat ya lalace ko an cire shi, al'adar da ta yi yawa a garejinmu da sunan wai ƙasarmu da zafi, tare da haɗa fanka kai tsaye. Injin dizal da bai kai zafinsa ba yana shan mai da yawa, yana tara toka, kuma matatarsa ba ta ƙonawa.

Ka taka sosai daga ƙaramin gudu. Ƙarfi ya zo a jere, ba tsayawa, ba kukan jiniya daga tabo, ba gajimaren hayaƙi a madubi. Giya kuma sai ta yi zafi take faɗin gaskiya. Ka lura da bugu lokacin da kake rage gudu za ka tsaya, da jinkiri in ka sa ribas, da allurar inji tana hawa da sauka alhali ƙafarka na wuri ɗaya. Giyar 7G-Tronic ta Marsandi tana da faifan lantarki a ciki da ke lalacewa ya maƙale mota a giya ɗaya. Giyar ZF mai hawa shida da ke cikin BMW da Range Rover da Audi an sayar da ita da cewa manta na har abada ne, amma kamfanin ZF da kansa yana ba da shawarar a canza shi. Ka tambaya yaushe aka canza, da wane mai. Bayan kun dawo a sake sa kwamfuta, laifin da aka goge a nan yake dawowa.

Mataki na bakwai: ƙafa, ƙarƙashi da ruwa

Idan motar mai balan-balan ce, ka auna tsayin kowace kusurwa daga tsakiyar taya zuwa bakin jiki da yamma, ka sake aunawa da safe kafin a tayar. Kusurwar da ta sauka tana zubar da iska, kuma famfon da ke ta cika ta shi ma yana kan hanyar ƙonewa. Ka danna maɓallin ɗagawa ka ga ta tashi cikin sauri, daidai da daidai.

A hau da ita rami. Gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin bututun birki da gadon ƙafar baya. Ka duba ɗigon mai, robobin ƙafa, da alamar miƙa shasi. Ka ɗaga kafet na gaba da na but ka taɓa, domin a nan ake binne kwamfutoci, kuma magudanar rufin gilashi in ta toshe nan ruwan ke sauka. Warin damshi da aka rufe da turare abin gudu ne. Ka danna kowane maɓalli, kujera, gilashi, na'urar sanyi. Ka karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, mako da shekarar da aka yi ta. Ka nemi makulli biyu.

Mataki na ƙarshe: ciniki da makon farko

Ka zauna da bakanike ku rubuta duk abin da aka gani da kuɗinsa, ka kai wa mai motar a rubuce. Zubar mai daga na'urar sanyaya, balan-balan guda, nozul ɗaya ko biyu, tayoyi, duk waɗannan abin ciniki ne, a rage su daga farashi. Ɓurɓushin ƙarfe a filta, iska a lagireto, murfin mai da ke tsalle, sitiyarin da aka juya, takardun da ba su daidaita ba, waɗannan ba ragin da zai biya su. Mai motar da ya hana a sa kwamfuta ko a zo da safe, ka yi masa godiya ka tafi. Araha ba ta ado.

Kada ka zuba duk kuɗinka a saye. Shawarata ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku na farashin motar don shekarar farko, in kuma hakan ya fi ƙarfinka ka nemi ƙaramar mota. Da ta zama taka, kada ka jira komai: a canza baƙin mai da wanda aka rubuta mata, MB 229.51 ga Marsandi mai matata, Longlife-04 ga BMW, 507 00 ga Audi da Volkswagen, kuma daga wurin da ka amince ba jabu ba ne. A canza filtar mai da ta gas da ta iska, a zuba ruwan sanyaya na gaske, a mayar da tamostat in babu, a canza man giya, da bel ɗin tayimin in mai bel ce kuma ba rasitin da ya nuna an yi. Tazarar canjin mai da ke littafin Turai an yi ta ne don hanyar da ba ƙura da gas mai tsabta, saboda haka ka rage ta zuwa rabi, filtar iska kuma a riƙa duba ta duk wata a lokacin hunturu. Ka zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki ka tsaya a kansu, kuma ka ajiye sabuwar filtar gas a but duk lokacin da za ka yi doguwar tafiya.